Yatsan da ke maƙalewa: dalili da magani

Akwai mutanen da in sun dunƙule hannu, sai yatsa ɗaya ya ƙi miƙewa. Sai sun sa ɗaya hannun sun ja shi, sannan ya buɗe, ƙwas, da zafi. Abin ya fi tsanani da safe. Ya fi kama babban yatsa da yatsan da ake sa wa zobe. Ya fi samun mata, da masu shekara 40 zuwa 60, da masu ciwon sukari.

Me ke kawo shi?

Ku dubi mazagin wando yadda yake tafiya cikin ƙubaka. Haka jijiyar da ke lanƙwasa yatsa take bi ta cikin wani zobe a tafin hannu, daidai gindin yatsa. Idan zoben ya yi kauri ya matse, ko jijiyar ta yi ƙulli, sai ta riƙa maƙalewa. Ba targaɗe ba ne, ba sammu ba ne. Kada a kai wa maɗori, kada a yi tsaga. In an bar shi ya daɗe, gaɓar tana iya sandarewa, riƙon fartanya ko taɓarya ya gagara.

Magani na farko

Likita yakan fara da hutar da hannun, da ɗaura wa yatsan ƙaramin madogari da dare har wajen mako 6. In bai yi ba, sai allura a gindin yatsa don rage kumburi. Mai ciwon sukari ya faɗa wa likita, domin allurar tana ɗaga sukari na kwanaki kaɗan.

Buɗe zoben ba tare da babban yanka ba

In ciwon ya dawo, sai a tsaga zoben don jijiya ta sami hanya. Yanzu ana iya yin haka da taimakon na'urar hoto, irin wadda ake duba mata masu ciki da ita. Ana kashe zafin wurin kaɗai, mutum yana farke. Likita ya ɗora na'urar a tafin hannu, ya shigar da bakin allura ko ƙaramar aska ta ɗan huji, yana kallon allo. Hoton yana nuna masa zoben, da jijiyoyin jini da na jin taɓi da ke gefensa, don ya kauce musu. Wannan ya fi muhimmanci a babban yatsa, inda jijiyar jin taɓi take ratsawa dab da zoben. Kafin a tashi, za a ce ku dunƙule ku buɗe, a tabbatar ya saki. Galibi babu ɗinki, kuma a ranar ake komawa gida.

Inda babu na'urar, ana yin ɗan yanka a ɗinke, a cire zare bayan kamar mako 2. Shi ma yana warkarwa sarai. Yaro ƙarami mai lanƙwasasshen babban yatsa kuwa, nasa aikin daban ne, a kawo shi a duba.

Bayan an gama

1. Ku riƙa motsa yatsan tun ranar farko.
2. Kada wurin ya jiƙe ko ya yi datti sai ya rufe.
3. Daka, noma da jan guga su jira sai likita ya ba da izini.
4. Ku dawo da wuri in kun ga mugunya, kumburi mai ƙaruwa, zazzaɓi, ko yatsan ya daina jin taɓi.

Tambayoyi

Me ya sa yatsan ke maƙalewa? Mene ne amfanin na'urar hoto a wannan aiki? Wane ne a gidanku ko unguwarku ya kamata ya ji wannan darasi?