Darasi Na Tara: Sauya Jerin Tashin Kwamfuta Domin Sake Ɗora Babbar Manhaja

Gabatarwa

Malamin da ya tara sakamakon jarrabawar ɗalibansa a kwamfutar tafi-da-gidanka yana iya kunna ta wata rana ta tsaya cik, fuskarta baƙi ƙirin. Sau da yawa ba na'urar ce ta mutu ba, babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta lalace, wato irin su Windows ko Linux. Maganin haka shi ne a sake ɗora manhajar daga faifai. Sai dai kwamfuta ba ta waiwayar faifan da aka saka mata sai an umurce ta. Wannan darasi zai yi bayanin yadda ake ba da wannan umurni.

Yadda Kwamfuta Ke Tashi

Da zarar an danna makunni, abin da ke fara aiki wata 'yar ƙaramar manhaja ce da aka dasa a jikin babban allon na'urar tun daga masana'anta, ana kiranta BIOS. Sunan ya fara bayyana a 1975 cikin manhajar CP/M ta Gary Kildall, ya kuma yaɗu bayan fitowar kwamfutar IBM a 1981. Aikinta na farko shi ne duba lafiyar sassan na'ura. Daga nan sai ta bi wani jeri tana neman inda za ta sami babbar manhaja: rumbun ajiya na ciki, ko mazubin faifai, ko filashi. Tamkar ɗan aike take wanda aka lissafa wa gidaje, aka ce duk inda aka fara amsa masa sallama ya tsaya. Idan rumbun ciki ne a farko, kuma akwai ɓurɓushin lalatacciyar manhaja a cikinsa, to nan za ta riƙa tsayawa kullum, faifan kuwa yana ciki a banza.

Sauya Jerin

Ana shiga shafin BIOS ne cikin 'yan daƙiƙun da tambarin kamfani ke bayyana, ta hanyar danna wani madanni a kai a kai. A kwamfutocin Dell da Acer F2 ne, a HP F10, a ThinkPad na Lenovo kuwa F1. Wanda ya makara sai ya kashe ya sake kunnawa. A tsofaffin na'urori linzami ba ya aiki a wannan shafi, da madannan kibau ake tafiya har zuwa sashen da aka rubuta wa Boot. A nan ake ɗaga mazubin faifai zuwa saman jeri, galibi da F5 da F6 ko alamun tarawa da ɗebewa, sannan a adana sauyin, yawanci da F10.

Akwai hanya mafi sauƙi, kuma ita ta fi dacewa da sabon shiga: danna F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, yana fito da jerin zaɓi na tashi ɗaya tak, ba tare da an taɓa saitin dindindin ba.

Abin lura a nan shi ne, faifan Windows yakan nemi a danna kowane madanni kafin ya fara aiki. A karon farko dole ne a danna. Amma a tsakiyar aiki kwamfutar za ta kashe kanta ta sake tashi, saƙon kuma zai dawo. Wanda ya sake dannawa ya mayar da hannun agogo baya, domin aikin zai koma farko.

Sauya jeri ba ya goge komai. Haɗarin yana gaba, inda ake tambayar ɓangaren rumbun da za a ɗora manhajar. Duk ɓangaren da aka yi wa fomatin, abin da ke cikinsa ya tafi. Saboda haka wajibi ne a kwashe takardu masu muhimmanci tukuna, ko da sai an ciro rumbun an jona shi da wata kwamfuta. Haka kuma kada a fara da raunanan batiri a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, domin yankewar aiki a tsakiya tana barin na'urar ba tsohuwar manhaja, ba sabuwa.

Na'urorin Zamani

Yanzu UEFI ta maye gurbin BIOS, ko da yake masu gyara ba su daina amfani da tsohon sunan ba. Daga 2012, da fitowar Windows 8, sababbin kwamfutoci suka zo da wani tsaro mai suna Secure Boot, wanda ke ƙin tashi daga faifan da bai aminta da shi ba, kamar na Windows 7. Ita Windows 7 ɗin ma Microsoft ta daina kula da ita a 2020. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ta fi ƙarfin faifan DVD na yau da kullum mai ɗaukar gigabait 4.7, kuma yawancin sababbin na'urori ba su da mazubin faifai. Filashi mai gigabait 8 ake sakawa a madadinsa, a ɗaga shi saman jeri kamar yadda aka yi wa faifai.

Aiki

Ɗalibi ya rubuta bayanin matakan nan yadda ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare zai fahimta, ya kuma kawo dalilin da ya sa kalmar "tashi" ta fi "kunnuwa" dacewa da abin da BIOS ke sa kwamfuta ta yi.