Gyaran Takin Gida Idan Ya Ƙi Nuna

Manomin Kafanchan ba ya rasa kayan haɗa taki, domin ciyawa da kara da kashin dabbobi duk suna nan. Abin da ya fi ɓata masa aiki shi ne ruwa. Damina a kudancin Jihar Kaduna takan kama tun daga Afrilu har Oktoba, saboda haka ramin taki irin wanda ya dace da ƙasar Katsina, a nan yakan zama kududdufi cikin watan Agusta. In ruwa ya kwanta iska ba ta shiga, sai takin ya yi sanyi, ya yi yauƙi, ya riƙa wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Maganinsa a kwashe shi daga rami, a tsiba shi bisa tudu, a cuɗa shi da busasshiyar ciyawa ko yankakken karan masara, sa'an nan a yi masa rumfa.

Da hunturu kuwa bushewa ce damuwa. A soka sanda a tsakiyar tsibin, ta kwana, a zare. In ta fito da ɗumi da danshi, taki yana nuna. In ta fito a bushe, ko an ga gara ta shiga, a yayyafa ruwa a juya. In da danshi amma babu ɗumi, a ƙara kashin kaji ko ɗanyen ganye.

Masu noman citta a Kachia da Jaba sun ga irin ɓarnar da cuta ta yi wa gonakinsu a 2023. Kada a zuba ragowar citta mai cuta cikin taki, domin zafin tsibin gida ba ya kaiwa gefe-gefe, sai cutar ta koma gona tare da takin. A ƙone ta nesa da gona.