Samanja, kafin garatuti ya shigo

Sojan da ya cika shekara 35 yana aiki yakan tuɓe kaki da abu biyu a hannu: fansho mai zuwa wata-wata, da garatuti da ake biya sau ɗaya tak. Fansho na cefane ne. Garatuti kuwa a kansa 'yan mazan jiya da yawa suke tuntuɓe, balle kai mai shirin komawa gida Ƙaura Namoda, Shinkafi ko Zurmi a wannan yanayi na rashin tsaro.

Za a ba ka labarin Janar T.Y. Danjuma, wanda ya bar soja a 1979 ya kafa kamfanin jiragen ruwa, ya shiga harkar mai, daga baya ya buɗe gidauniya. Gaskiya ne, amma shi a matsayin babban hafsan sojan ƙasa ya sauka. Kai abin da ke gabanka shi ne kwas ɗin wata shida na cibiyar koya wa sojoji masu ritaya sana'a da ke Oshodi a Legas. Kada ka ɗauke shi hutu. Walda ko kiwon kaji, zaɓi abin da mutanen garinku ke cire kuɗi su biya.

Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi za ta ja hankalinka, dillalai kuma za su rantse maka cewa shanu su ne dukiya. A da ke nan. Yau garke a bayan gari kiran ɓarayin daji ne, kuma a 2021, da gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako ta datse layukan waya, mai dabba ya rasa inda zai sayar. Ni dai na fi son hatsi. Sayi gero, dawa da wake da kaka, ka ajiye a sito cikin gari. Waken ka zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, ka matse iska ka ɗaure kowace leda daban, ƙwari za su mutu ba tare da magani ba. Ka fitar da bazara. Wata shekarar farashi kan faɗi, don haka kada ka zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na garatutin, kuma ka fara zama kaka guda a rumfar wanda ya san tiya. A bariki umarni kake bayarwa, a kasuwa kuwa sai yaro ya taya maka kaya da raini ka yi dariya.

Ranar da kuɗin suka shigo, ka yi gum. Sabuwar mota da walima su ne abincin infoman ɓarayin daji.

Batun taimako kuma, ba sai da gidauniya ba. Yi rajista da ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, kada ka jira bikin tunawa da 'yan mazan jiya na 15 ga Janairu. Akwai matan abokan aikinka da suka rasu a fagen daga waɗanda haƙƙinsu ya maƙale saboda takardu. Kai ka san lambar aiki, ka san bataliya, ka san hanyar Hukumar Fanshon Soja a Abuja. Zauna da 'yan'uwan kowace mata ku haɗa takardar shaidar rasuwa da ta magaji, ku bincika tallafin karatun marayu, a yi hoton komai a ajiye kafin a miƙa.

Kai ma kafin ka bar bariki duba fayil ɗinka. Wani sunan mahaifinsa ya rubuta a gurbin magaji tun yana kurtu, tsohon ya daɗe da rasuwa, ga mata biyu da 'ya'ya, bai koma ya gyara ba.