In Rabin Ruwanka Ya Ƙare, Ka Juyo

Ni ma'aikaciyar jinya ce, a Kurudu nake zaune, kuma na daɗe ina bin matasa masu hawan dutse ranar Asabar da jakar agajin gaggawa a bayana. Wata ƙawata ce ta fara roƙona in raka su don hankalin iyaye ya kwanta. Na je sau ɗaya, duwatsun suka shiga raina, har yau ban daina ba.

Duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu da Jikwoyi da Kurudu da Orozo har Karshi ya san duwatsun da nake nufi. Daga cikin mota baƙaƙe ne kawai. Sai ka taka su da ƙafa za ka ga ashe kowane falale da launinsa: wani ja kamar an barbaɗa masa jar ƙasa, wani fari-fari da ɗigon ruwan hoda, wani yana walƙiya in rana ta bugi gefensa. Wani masanin duwatsu da muke tafiya tare ya taɓa ɗauko ɓallin dutse ya nuna mana ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce narkakken dutse ne da ya daskare can ƙarƙashin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe shi har ya fito fili. Jan da muke gani tsatsar ƙarfen da ke cikinsa ce. Baƙaƙen zanen da ke gangarowa daga sama kuwa sawun ruwan damina ne, irin wanda ke jikin Dutsen Zuma da ke kan takardar naira 100. Ina son mutane su je su ga wannan da idonsu. Shi ya sa nake wannan rubutu, don ina so duk wanda ya je ya dawo da ƙafarsa.

Wata Asabar cikin watan Maris mun kai mu ashirin. An yi alkawarin tashi ƙarfe shida, jiran wane da wance ya kai mu takwas da rabi. A cikinmu akwai wani saurayi ƙaƙƙarfa, ɗan ƙwallo, da 'yar gorar ruwa guda ɗaya a hannu. Na ce, "Ƙanena, ruwan ke nan?" Ya yi dariya ya ce, "Anti, ai ni ba na jin ƙishi da wuri." Shi ya riga kowa kaiwa ƙololuwa. Aka yi hotuna, aka huta, muka fara sauka rana tana tsakiyar ka, dutse ya ɗau zafi har ana jin sa ta cikin takalmi. Ba mu yi nisa ba na ga tafiyarsa ta sauya, yana jan ƙafa, yana dafa duwatsu. Can sai ya durƙusa ya fara amai.

Da na taɓa shi jikinsa sharkaf da gumi, zuciya tana bugawa da sauri, jijiyar ƙwaurinsa ta ɗaure tamau. Abin da na fara yi shi ne tambayarsa sunansa, da ranar da muke ciki, da inda muke. Ya amsa daidai, na ɗan sami natsuwa. Muka ja shi inuwar wani babban dutse, muka kwantar da shi muka ɗaga ƙafafunsa kan jaka, muka jiƙa rigarsa da kansa, biyu suna yi masa fifita da malafa. Na haɗa ruwan gishiri da sukari ina ba shi kurɓi-kurɓi. Mun fi awa ɗaya a wurin kafin ya iya miƙewa. Wani dattijo Bagware da ke dawowa daga gona ya tsaya ya dube mu ya ce, "'Yata, hanyar da kuka ɗauko ai ta masu ƙarfi ce." Na ce, "Baba, a taimaka mana da ta kusa." Ya shige gaba ya fitar da mu ta wani kwari mai inuwa da ba mu taɓa sanin akwai shi ba.

Tambayoyi ukun nan ba hira ba ce. Su ke raba galabaita da abin da ke kisa. Muddin mutum yana cikin hayyacinsa, yana gumi, yana iya sha, inuwa da ruwa da hutu kan dawo da shi. Amma in ya fara sambatu, ko faɗa ba dalili, ko bai gane abokansa ba, ko ya suma, ko ya kama jijjiga, to zafin cikin jikinsa na iya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa da ƙoda suna cikin haɗari. A nan ba a jira sai an sauka. A cire masa kaya masu nauyi, a kwarara masa duk ruwan da ake da shi a jiki, a yi ta fifita, wani kuma ya hau inda akwai sabis ya kira 112 ya nemi mota ta tarbe ku a gindin dutse. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki, zai iya shaƙe shi. Farasitamol ma ba ya sauke wannan zafin, don ba zazzaɓi ba ne.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Mai hawa cikin zafi na iya zubar da lita guda ta gumi a awa ɗaya, wani ma fiye. Ledar fiya wata rabin lita ce. A bazarar Abuja, Maris da Afrilu, zafi kan doshi digiri 40, a kan falalen dutse kuwa ya fi haka. Don haka tafiyar wuni ba ta yiwuwa da ƙasa da lita uku zuwa huɗu ga mutum ɗaya, wato leda shida zuwa takwas. Na san da nauyi, kowace lita kilo guda ce, amma nauyi ne da ke raguwa kana tafiya. Kuma ruwa zalla bai wadatar ba. Gumi da gishiri yake fita, wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa bai ci komai ba gishirin jininsa kan yi ƙasa, ya kama ciwon kai da tashin zuciya, a ɗauka ƙishi ne a ƙara masa ruwa. A riƙe gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino. A sa fakitin ruwan gishiri da sukari na kemis a jaka, in babu a haɗa: lita guda ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Fitsari kuma ba ya ƙarya. In ya koma kamar shayi, ko an wuni ba a yi ba, jiki ya riga ya shiga bashi.

Dokata a kan dutse guda ce, kuma ba na sassautawa: in rabin ruwanka ya ƙare, ka juyo, ko da ƙololuwa na gabanka kana ganinta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A dutse abin da ido ya ce minti goma sau da yawa awa guda ne, don bayan tudun da kake gani akwai wani.

A Amurka akwai Grand Canyon a jihar Arizona, kwazazzabon da kogin Kolorado ya haƙa, zurfinsa ya kai kusan mita 1,800, bangonsa hawa-hawa ja da rawaya da ruwan toka. Hukumar da ke kula da wurin tana gargaɗin baƙi kada su sauka har bakin kogi su dawo a rana ɗaya, tana kuma ce musu su ware wa hawa ninki biyu na lokacin da sauka ta ci. Su can da sauka ake farawa, mutum ya ji daɗi ya zarce, wahala tana jiransa a dawowa. Mu nan da hawa muke farawa, amma tarkon iri ɗaya ne: ana kashe ƙarfi da ruwa a zuwa, a manta da komawa. Wani ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar da ƙiyasi tun 1892 wanda masu tattaki ke amfani da shi har yau: awa ɗaya ga kowace kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Wannan na mai lafiya ne a ƙasa mai sanyi, ba hutu a ciki. Ni nakan ƙara rabinsa a kai, in kuma auna da wanda ya fi kowa rauni a cikinmu, tun da tare za mu dawo.

Yawancin raunin da na ɗaure a wajen sauka aka same shi. Cinya ta gaji, gwiwa tana rawa, hankali ya riga ya tafi gida. Tsakuwa a kan falale kamar an zuba gero a kan siminti take. Targaɗe, gurjewa, sau ɗaya karayar hannu, ta wata baiwar Allah da ta zo da silifas. A sa kambas mai ƙasa mai kama dutse wanda ƙafa ta saba da shi, sabon takalmi bororo yake kawowa. A sauka a karkace, taku gajere, hannu ba waya. Da damina dutse ya fi kyau, ciyawa shar, amma gansakuka kan sa shi santsi kamar sabulu, kuma da zarar an ji rugugin tsawa a bar ƙololuwa, kada a fake ƙarƙashin itace guda tilo. Da hunturu tafiya ta fi sauƙi, sai dai mai asma ya zo da abin shaƙarsa saboda hazo.

Kada a zura hannu cikin ramin dutse ko inda ido bai gani ba, nan kububuwa da kasa da kunama ke fakewa, zuma ma kan yi gida a kogo. In maciji ya sari mutum, ban da tsagawa, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau da igiya. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti.

Akwai waɗanda nake roƙo su ga likita kafin su zo: mai sikila, don rashin ruwa a jiki na tayar da ciwon, mai ciwon suga, mai hawan jini, musamman wanda ke shan maganin da ke sa yawan fitsari, mai ciwon zuciya, mai juna biyu. Ku gaya mini a gefe, ba wanda zai ji. Sannan azumin 2024 da na 2025 cikin Maris ya kama, tsakiyar zafi. Don Allah mai azumi ya haƙura da doguwar tafiyar rana, dutsen na nan bayan Salla.

Batun tsaro ba na yi masa kwana-kwana. Kowa ya tuna yadda satar mutane ta addabi gefen Abuja a farkon 2024. Ba ma hawa dutsen da ba mu fara gaida mai unguwa ko dagacin wurin ba. Gwarawa sun zauna a duwatsun nan tun kafin a yi tunanin gina birni, sun san inda ake fasa dutse da nakiya, da inda suke girmamawa ba a shiga, da inda bai kamata a bi ba a wannan makon. Mukan ɗauki ɗan gari ya yi mana jagora mu biya shi haƙƙinsa. Kowa ya bar wa na gida sunan wurin da lokacin dawowa, a cika waya da caji, a riƙe tocila, don nan da an kira magariba duhu ba ya jira. Ledojin ruwan da aka sha kuma a mayar da su jaka, gonakin mutane ne a ƙasa, awakinsu na ci.

Tun daga waccan Asabar na sauya tsari. Ƙarfe shida muke tashi, wanda ya makara sai wani mako. A gindin dutse kowa zai buɗe jakarsa in ƙirga ruwan da idona, wanda nasa bai kai ba ya koma shago ya cika, mu jira shi minti goma. Saurayin nan ya dawo cikin Disamba da lita huɗu da ƙullin gyaɗa. Yanzu shi ke tafiya a ƙarshen layi, ni ina tsakiya, kuma duk bayan rabin awa nakan ji muryarsa daga baya yana cewa a tsaya a sha ruwa.