Zazzaɓin damina da jijjigar yaro: darasi ga ƴan'uwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, zazzaɓin cizon sauro yake cika likitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma yara ƴan ƙasa da shekara 5 suka fi shan wuyarsa. Macen sauro ce ke ɗauke da ƙwayar cutar, da dare take cizo, lokacin da ƴan'uwa ke zaune a farfajiyar zawiya, yara na barci a tabarma ba sange.

Inda ake yawan rasa rai shi ne wajen jijjiga. Yaro ya kwana biyu jiki da zafi, sai ya sanƙare, ido ya kafe. Nan take gida ya ce iska ce, a ruga wajen malam neman tofi da rubutu, a ƙara kwana guda. Alhali sau da yawa zazzaɓin ne ya hau kai, ko ƙwayar ta cinye jinin yaron. A duba tafin hannunsa, za a gan shi fari fat. Wannan yaro allura yake bukata a daren, wani lokaci har da ƙarin jini. Muƙaddamin da aka kawo wa irinsa, ya yi masa addu'a a tsaye, ya ce da uban ya wuce likita yanzu. Annabi (SAW) da kansa ya yi magani, ya kuma umarci a nema, don haka babu wanda tawakkalinsa zai ragu saboda ya hau kabu-kabu zuwa CSI.

Gwajin ba shi da wuya: ɗigon jini daga yatsa, cikin kamar minti 15 a san sakamako. Kada zafin jiki ya wuce kwana ɗaya ba a gwada ba. Idan an ba da magani na kwana 3, a shanye shi duka ko da yaro ya tashi yana wasa.

Akwai kuma maganin rigakafi da ma'aikatan lafiya ke rabawa gida-gida kowane wata cikin damina, ga yara daga wata 3 zuwa 59. Na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage uwa ke bayarwa, kuma nan ne ake yawan mantuwa. Ya kamata maigida ya tambaya bayan wazifa ko an ba yaron nasa na yau.