Jar Fitila a Gaban Direba: Darasi Kan Baƙin Man Mota Domin Hakimai da Malamansu

An shirya wannan darasi ne domin hakimai da malaman da ke riƙe musu littattafan ofis. Ba nufinmu ba ne mu mai da kowa bakanike. Abin da muke so shi ne, duk wanda aka danƙa wa mota ya san alamu uku da take nunawa game da baƙin mai, ya kuma rarrabe wadda ake tsayawa dominta nan take da wadda za a iya bari sai an dawo gida.

A zamanin da ake fita rangadi bisa doki, in dokin ya soma ɗingishi mahayinsa yakan sauka ya duba kofato, ba ya ƙara masa bulala. Mota ba ta ɗingishi. 'Yan fitilun nan da ke kan allon gaban direba su ne bakinta, kuma yawancin injunan da ke bugawa sai da suka yi gargaɗi aka ƙi saurara.

1. Aikin baƙin mai

A cikin inji akwai wani babban sandan ƙarfe mai juyawa, wanda kanikawa ke kira karanshaf. Yana kwance bisa waɗansu lanƙwasassun ƙarafa masu santsi da ake kira metal. Sa'ad da mota ke gudu a kan hanya, sandan nan yakan juya kamar sau 3,000 a minti ɗaya, watau sau 50 a daƙiƙa guda. Ba abin da ke raba shi da metal sai wani ɗan shafin mai wanda kaurinsa bai kai silin gashi ba.

Man yana zaune a wani kasko a ƙasan inji. Akwai famfo da ke zuƙo shi, ya bi da shi ta cikin filta domin ta tace datti, sa'an nan ya tura shi da ƙarfi cikin ƙananan hanyoyi zuwa duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Man yana hana gogayya, yana ɗauke zafi, yana kuma wanke ƙazanta. In ƙarfin turawar nan ya faɗi, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, zafi ya tashi, metal ya narke ya kama sandan. Wannan shi ne abin da ake cewa inji ya buga, kuma yakan auku cikin 'yan mintoci, wani lokaci ma bai kai haka ba.

2. Alama ta fari: jar fitila

Siffarta kamar 'yar buta ce, da ɗigon mai a bakinta. Mutane da yawa suna zaton tana nufin mai ya ragu kaɗan. Ba haka ba ne. Tana nufin ƙarfin da ke tura man ya faɗi ƙasa ƙwarai, har man ba ya isa inda ake bukatarsa. A yawancin motoci ba ta kamawa sai ƙarfin ya koma ɗan ƙanƙanin kashi na abin da inji mai lafiya ke bayarwa. Saboda haka duk sa'ad da ta kama, an riga an zo bakin rami. A waɗansu motocin Peugeot, kamar 406, kalmar STOP takan fito tare da ita, ma'anarta kuwa a tsaya.

Abubuwan da ke jawo ta su ne: ƙarewar mai saboda yoyo ko saboda inji yana ƙona shi; lalacewar famfo; toshewar rariyar da famfo ke zuƙa ta cikinta, saboda tsohon mai ya daskare ya zama kamar kwalta; cinyewar metal; ko kuwa man da ya tsinke don ba mai kyau ba ne. Wani lokaci ɗan makunnin da ke kunna fitilar ne kaɗai ya lalace, inji kuwa lafiyarsa lau. Amma direba ba ya iya sanin haka daga kujerarsa, don haka wajibi ne ya ɗauka gaskiya ta faɗa.

Akwai gwaji guda mai sauƙi na kowace safiya. In an murɗa makulli kafin a ta da inji, lalle jar fitilar ta kama, in inji ya tashi kuma ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. In ba ta kama ba sam, to, ƙwanta ya mutu ko an cire wayarta, motar kuwa ta zama bebiya. A lura da wannan musamman wajen sayen motar hannu.

3. Abin da za a yi in ta kama

Mu ɗauka hakimi ya fito daga Gyaɗi-Gyaɗi da safe, ya hau titin Zariya za shi taro a fadar Sarki, sai jar fitila ta kama. Ga abin da ya kamaci direba:

(a) Ya ratse gefen hanya inda ba haɗari, ya kashe inji nan da nan.
(b) Ya dakata kamar minti biyar zuwa goma, domin man ya gangaro cikin kasko. Motar ta kasance a wuri mai baje.
(c) Ya zaro geji, watau sandan awon mai, ya goge shi da tsumma mai tsabta, ya mayar har ƙarshe, ya sake zarowa. Akwai zane biyu a jikinsa, na sama da na ƙasa. A yawancin ƙananan motoci tsakaninsu kamar lita ɗaya ce.
(d) In man ya gaza zanen ƙasa, ya ƙara irin wanda ke ciki, kaɗan kaɗan, yana aunawa. Ya leƙa ƙarƙashin mota ko akwai yoyo.
(e) Ya ta da inji. In fitilar ta mutu kuma ba wata baƙuwar ƙara, ya tafi a hankali zuwa gareji. In ba ta mutu ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, ko kuwa tun farko ya iske man a cike, ya kashe, a nemo motar da za ta ja ta.

A gareji, a sa bakanike ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai a jikin injin, domin shi ne zai nuna ko makunni ne ya yi ƙarya ko kuwa cutar tana ciki. Kada a yarda a cire waya ko a liƙe fitilar da baƙin tef. Haka kuma fitilar da ke ƙiftawa sa'ad da aka taka birki, ko aka sha kwana, ko aka tsaya cikin cunkoso da zafin rana, gargaɗi ne na gaskiya, a duba ta a ranar.

4. Alama ta biyu: fitila ruwan ɗorawa

A waɗansu motoci butar nan takan fito ruwan ɗorawa, sau da yawa da wani zane mai kama da igiyar ruwa a ƙarƙashinta. Ita wannan yawan man take aunawa. Ma'anarta mai ya ragu, a auna a ƙara a wuri na farko da aka samu. Ba kowace mota ke da ita ba, saboda haka geji shi ne abin dogara. Kada kuma a zuba fiye da zanen sama, domin man da ya yi yawa yakan yi kumfa, ya kuma ɓalle ta wuraren liƙi.

In ana yawan ƙari, a nemi dalili. Shuɗin hayaƙi daga salansa yana nuna inji na ƙona mai. Man da ya koma fari-fari kamar an zuba madara yana nuna ruwa ya shiga cikinsa.

Kada a haɗa waɗannan da wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji. Ita ba ta mai ba ce. Tun daga 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suna da tsari iri ɗaya na adana lambar kowace matsala, kuma bakanike mai na'ura yakan karanta lambar ya faɗi inda abin yake.

5. Alama ta uku: saƙon sabis

Wannan tunatarwa ce kawai. A motocin Peugeot da Honda siffar sifana ce take fitowa. A motocin Toyota da yawa da aka shigo da su daga Amurka rubutu ne, MAINT REQD, wanda ke soma ƙiftawa wajen tayarwa in an yi mil 4,500, sa'an nan ya tsaya a kunne a mil 5,000. Honda kuwa takan nuna sauran ƙarfin man bisa ɗari: sifana ta fito a 15, in ya kai 5 lokaci ya yi, in ya kai 0 an makara. Lissafi take yi daga yawan juyawar inji da zafinsa.

Akwai abu uku da ya kamata malami ya riƙe. Na ɗaya, a irin waɗannan motoci saƙon ba ya ɗanɗana man. Bai san ko na kirki aka zuba ba ko na banza. Na biyu, ana iya share shi da danna maɓalli ba tare da an juye ko ɗigo ɗaya ba, kuma ana iya yin juye a manta ba a share shi ba. Saboda haka mutuwar saƙon ba shaida ba ce an yi aiki. Na uku, motocin Amurka da mil suke lissafi, mu kuwa da kilomita. Mil 5,000 kimanin kilomita 8,000 ne. Wanda ya ɗauki wannan a madadin wancan zai ɓata lissafinsa.

6. Halin ƙasarmu

Littafin da masu ƙera mota ke bayarwa yakan kawo tsarin sabis iri biyu: na aiki mai sauƙi da na aiki mai tsanani. Abin da suke lissafawa cikin mai tsanani shi ne ƙura, da gajerun tafiye-tafiye, da yawan tsayuwa inji na aiki. Duk wanda ya san Kano ya san ukun nan sun haɗu a nan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ga ƙurar hunturu, a watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40. Motar da ke kai da kawowa tsakanin Court Road da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da tashar Unguwa Uku takan daɗe a tsaye cikin cunkoso. Agogon tafiya ba ya motsi, inji kuwa yana juyawa, mai yana tsufa. Ta rangadin ƙauye kuma burji da ƙura take sha. To, a bi tsarin aiki mai tsanani, a kuma riƙa duba filtar iska, domin ƙurar da ta wuce ta, cikin mai take ƙarewa.

Littafin yakan ba da nisa da kuma watanni, a bi wanda ya riga cika. Motar da ke ajiye ma manta yana lalacewa.

7. Sayen mai

Lambobin da ke jikin galan, kamar 20W-50 ko 5W-30, kaurin man suke nunawa. Ta farko ta lokacin sanyi ce, ta biyu ta lokacin da inji ya yi zafi. Tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975, sun saba da mai mai kauri. Sababbin injuna hanyoyin mansu matsattsu ne, yawancinsu mai tsinkakke suke so. A duba littafin mota ko murfin wurin zuba mai, a bi abin da aka rubuta.

Araha ba ta ado. A sayi mai cikin galan mai hatimi daga dillalin da aka sani, a buɗe shi a gaban wakilin ofis. A guji man awo wanda ba a san asalinsa ba. Duk juye a sake filta. Tsohon man kuma kada a zuba shi a kwata, kada a shafa shi a miki, na mutum ko na dabba.

8. Aikin malami

Malami ya buɗe wa kowace mota littafi, ya ja layuka kamar haka: kwanan wata, lambar agogon tafiya, da bayanin ko mil ne ko kilomita, irin mai da yawan lita, ko an sake filta, sunan gareji, kuɗi da lambar rasit, ranar sabis na gaba da nisansa, sa hannun direba. Kowace safiyar Litinin ya tsaya a auna mai a gabansa, ya rubuta ko an yi ƙari. Bayan sabis ya nemi a nuna masa tsohuwar filta da galan ɗin da aka juye. In aka yi canjin direba ko na malami, littafin ne zai gaya wa sabo inda aka kwana.

9. Kalma ga hakimai

Ranku ya daɗe, wannan sashe naku ne. Direba yaron gida ne mai kunya da ladabi. In jar fitila ta kama, ga ubangidansa a baya yana duban agogo, da wuya ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, sai mun tsaya." Yakan yi shiru ya ce bari ya lallaɓa a kai. A cikin lallaɓawar nan inji ke bugawa, daga baya kuma a ɗora masa laifi.

Maganin abin yana hannunku. Ku kira direba tun yau, a gaban malami, ku ba shi izini cewa duk inda jar fitilar mai ta kama ya tsaya ba sai ya nemi umarni ba, ko da fada za a. Makara taro guda ana ba da uzuri a karɓa. Injin da ya buga kuwa sai an sauke shi, a yi ta zirga-zirga Ƙofar Ruwa neman kaya, mota ta yi makonni a ajiye, aikin gunduma ya tsaya. Kuɗin gyaransa ya ninka na juye sau da yawa, kuma in motar ofis ce, daga dukiyar jama'a zai fito. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi domin bita

1. Mene ne bambancin jar buta da buta ruwan ɗorawa?
2. Jar fitila ta kama, an auna an iske mai a cike. Me za a yi?
3. Don me mutuwar saƙon sabis ba ta isa shaida ba?
4. Mota tana cin kilomita 250 a mako. Mako nawa za ta yi kafin ta cika kilomita 5,000?

Malami ya karanta wa direbobi wannan darasi, ya yi musu tambayoyin nan, sa'an nan ya ajiye kwafi guda a cikin kowace mota. Allah ya kiyaye hanya.