Ƙaramar Mota Ba Akori-Kura Ba Ce

Jama'a, duk wanda ya saba bin hanyoyinmu ranar cin kasuwa ya san motar da za mu yi magana a kanta. Golf ce, ko Sharon, ko tsohuwar Fijo mai dogon baya. An cire mata kujerun baya, an danƙara mata buhuna tun daga ƙeyar direba har but, an bar murfin but ɗin a ɗage an ɗaure shi da igiya, sa'an nan aka ƙara waɗansu a kan rufi. Gindinta na neman shafar kwalta, hancinta na kallon sama. Haka suke fitowa da hatsi daga Dawanau da Dandume da Saminaka, da albasa daga Aliero, da kwandunan tumatir daga Kwanar Gafan, da awaki daga Maigatari. Abin ya zama jiki, har idan mota ta wuce da fasinja huɗu kawai sai a ce direban bai san kan sana'a ba.

Yadda aka yi aka zo nan

Kafin mu ga laifin kowa, ya kamata mu faɗi gaskiya: ba hauka ne ya sa mutane yin haka ba. A da, jirgin ƙasa ne ke ɗaukar nauyin amfanin gona. Dogo ya iso Kano a 1911, daga baya ya miƙa har Ƙaura Namoda da Nguru, jakuna da raƙuma da motocin katako suna kai masa kaya tasha. Da jirgi ya ja baya, nauyin duka ya dawo kan titi. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, 504 ta bazu ko'ina, kuma da yake tana da ƙwari da tsayi daga ƙasa sai ta koya wa direbobinmu cewa ƙaramar mota ma tana iya ɗaukar kaya. Bayanta motocin Kwatano suka shigo, waɗanda Turawa suka ƙera don mutum da iyalinsa a kan shimfiɗaɗɗen titi, aka ɗora musu aikin da ko Fijo ba a ƙera ta dominsa ba.

Manomi mai buhu shida ba zai iya shatar tirela ba, ko kanta ma sai ya jira ta cika. Mai tumatir ba shi da lokacin jira, domin in rana ta yi kayansa sun narke. Hanyar ƙauye kuma wani lokaci babbar mota ba ta shiga. Ga shi shekaru da yawa fetur yana da tallafi, man dizal da manyan motoci ke sha kuwa ba shi da shi, don haka dako a ƙaramar mota ya fi sauƙi. Da aka cire tallafin a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Direban da ke da balas a wuyansa, ga kuɗin tasha ga na hanya, sai ya ga ba mafita illa ya ƙara buhu biyu a kan kowane sawu. Duk wannan mun sani. Amma ƙarfe bai san tsadar mai ba.

Kowace mota da iyakarta

Ya kai mai karatu, ka sani babu motar da ta fito daga masana'anta ba tare da an rubuta mata iyakar nauyin da za ta ɗauka ba. Buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, ko ka ɗaga bonet ka duba ɗan farantin da aka manna. Za ka ga lambobi da kilo a gabansu: ɗaya na nauyin motar duka da kayanta, ɗaya na abin da ƙafafun gaba za su ɗauka, ɗaya na ƙafafun baya. Mota irin Golf, ita kanta nauyinta ya ɗan haura tan ɗaya, abin da aka yarda ta ɗauka kuwa bai wuce wajen kilo 500 ba, kuma har da direban a cikin lissafi.

To, mu yi lissafin tare. Buhun masara kilo 100 ne. In ka cire nauyin direba, saura buhu huɗu. Na siminti kilo 50 ne, wato buhu takwas. Wanda ya loda buhu goma na masara ya ɗora wa motar tan guda, kusan nauyinta ke nan sau biyu take ja, da birkin da aka auna wa lodin da bai wuce rabin tan ba. Jaki in ka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa durƙushewa yake yi, ko ka kashe shi da duka ba zai tashi ba sai ka rage. Mota ba ta da wannan wayon. Kana murza makulli za ta tashi, ta kai ka yau, ta kai ka gobe, shi ya sa direba ke cewa, "Ai ta saba." Ba sabawa ta yi ba, ranar ce ba ta zo ba.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin kayan

Mu fara da taya, domin ita ce ta fi kashe mutane. A jikin kowace taya akwai rubutu kamar haka: 175/70 R13 82T. Wannan 82 ɗin ba ado ba ne, alama ce cewa tayar ba ta ɗaukar fiye da kilo 475. In 88 ka gani, kilo 560 ke nan. Tayoyin baya biyu masu lamba 82, in ka haɗa, kilo 950 ne iyakarsu. Buhu goma kusan duk a kansu suke zama, ga kuma nauyin bayan motar kanta. Tayar da aka danne tana lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi a cikinta, ga kwaltar watan Afrilu na gasa ta daga waje. A haka zaren ciki ke rabuwa da roba, sai ka ji ƙara kamar bindiga. Kuma mu tuna yawancin tayoyin nan na hannu ne, sun gama aiki a Turai kafin su zo mana. Akwai lamba huɗu a jikinsu da ke nuna ranar ƙira: 2318 na nufin mako na 23 a shekarar 2018. Jami'an kiyaye haɗura suna gargaɗin kada a yi aiki da tayar da ta wuce shekara huɗu, amma direba nawa ne ya taɓa sunkuyawa ya karanta?

Sai birki. Aikin birki shi ne ya mayar da gudun mota ya zama zafi. In nauyi ya ninka, zafin da zai sha ya ninka. In gudu ya ninka kuwa, tazarar da mota za ta ci kafin ta tsaya sau huɗu take ƙaruwa, ba sau biyu ba. A doguwar gangara irin ta Hawan Kibo, direban da ya ɗora ƙafa a kan birki bai sauko da giya ba, zafi zai yi ta taruwa har man birkin ya tafasa, musamman tsohon mai da ya daɗe yana shan damshi. Nan ne zai taka ya ji ƙafarsa ta shige har ƙasa ba komai. Daga baya a ce birki ya tsinke, alhali tun a tasha aka tsinke shi.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba. Golf da ire-irenta da ƙafafun gaba suke ja, da su suke juyawa, kuma su ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa. In ka tara kaya a baya, gaban ya ɗaga, tayoyin gaba sun rage kama ƙasa. Sitiyari ya yi sakayau a hannu, a kwana motar na neman miƙewa, da damina kuwa ba a magana. Kayan kan rufi su kuma suna ɗaga nauyi sama, ramin da mota za ta kauce wa lafiya sai ya zama sanadin ƙundumbala. Da dare fitilun da ya kamata su haska titi sai su koma cikin idon mai tahowa. Madubin ciki an toshe, lamba da fitilun baya igiya da buhu sun rufe.

Murfin but da ake bari a buɗe ma yana da nasa sharrin. Iskar bayan mota tana janyo hayaƙin salansa ta dawo da shi ciki, a cikin hayaƙin kuma akwai guba marar wari mai sa ciwon kai da gyangyaɗi. Direban da ya yi sammako, ya wuni yana shaƙarta, ba sai an faɗa maka yadda la'asar za ta same shi ba. Masu jera jarkokin fetur a cikin mota a garuruwan kan iyaka kuwa, ba mu da abin ce musu sai dai su ji tsoron Allah, domin tartsatsin waya ɗaya ya isa.

Wani zai ce ai ya kai wa bakanike ya sa mata sifirin mai ƙarfi, ya cusa roba, mai walda ya ƙara ƙarfe. Gaskiya ne gindin zai ɗaga, har jami'in hanya ya ga kamar ba ta yi nauyi ba. To, birkin fa, an canza? Tayar fa? Boris fa? Abin da aka yi kawai shi ne an ɓoye alamar da ke gaya maka ka rage kaya.

Ribar da ba riba ba

Ko da Allah Ya tsare ba a yi haɗari ba, mai mota ya zauna ya yi lissafin wata guda. Shokozoba nawa ya canza, kuloci nawa ya ƙone, sau nawa ya tsaya wurin mai faci, sau nawa lagireto ya tafasa a kan hawa? Motar da aka danne ta fi shan mai, kuma ranar sayarwa dillali na leƙa ƙarƙashinta zai karya mata kuɗi. Kuɗin buhu biyun da aka ƙara a tasha, a gareji ake barinsu. Ga doka kuma: Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa lodin wuce kima cikin laifuffukan da ake cin tara a kansu, kuma takardar inshorar motar gida ba a yanke ta don dakon kayan haya ba. Sai dai mu faɗa wa jami'an hanya su ma, wanda ya karɓi na goro ya ɗaga wa irin wannan mota hannu, da shi aka yi lodin.

To, me za a yi?

Ba cewa muke yi kada a sa kaya a ƙaramar mota ba. Buhu uku ko huɗu daga gona zuwa kasuwa ba laifi, in an bi ƙa'ida. A sa mai nauyi a ƙasa, a matso da shi tsakiya kusa da bayan kujerun gaba, kada a tara shi a bakin but. A ɗaure tamau, domin buhun da ke sake in aka taka birki ƙeyar direba zai nufa. A ƙara iskar taya daidai yadda aka rubuta don cikakken lodi, a auna da safe kafin ta ɗau zafi. A rage gudu, a ba na gaba tazara, a sauko da giya tun kafin a shiga gangara. In an ɗauki kaya, a haƙura da fasinja. Mutum a kan buhu, ko a but ƙafafu na reto, ko biyu a kujerar gaba har da wani a gefen direba, wannan wulaƙanta ɗan Adam ne. Masu cewa komai ƙaddara ce, malamanmu sun sha karantar da mu cewa dogaro ga Allah ba ya hana riƙo da sababi.

In kaya sun wuce haka, motarsu daban ce. Akori-kura da kanta don wannan aka ƙera su, da sifirinsu da tayarsu da birkinsu, ko da yake su ma suna da iyaka. Manoma uku masu buhu goma-goma, in suka haɗa kai suka sa rana ɗaya, kanta guda za ta kwashe musu a sawu ɗaya, su raba kuɗin. Ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa da ake da su a kusan kowane gari, wannan aiki ne da za su iya tsarawa ba sai gwamnati ta zo ba. Kai kuma mai kaya, daina matsa wa direba da "ɗan ƙara wannan, ai ba nisa." In taya ta fashe, kayanka ne za su watse a titi.

Kiranmu mafi girma ga shugabannin tasha ne da 'yan kamasho. Babu motar da ke tashi ba da saninku ba, ku ne ke karɓar kuɗin lodi, kun san kowane direba da sunan ubansa. Ku zauna ku yanke wa kowace irin mota adadin buhun da za ta ɗauka, ku rubuta a allo ku kafa a bakin tasha, wanda ya ƙetare ku hana shi layi na mako guda. Kai fasinja, in aka ce ka hau kan kaya, ka ce a'a, ka jira ta gaba. In kuwa ka tarar da haɗari a hanya, ka kira lamba 122, ita ce ta jami'an kiyaye haɗura, kuma kiran kyauta ne.